Maɓallai Ukun da Taubashina Ya Ƙi Dannawa

Malam mai kula da wannan fili, ina gaishe ka tare da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina cewa ni ba zan taɓa rubuto nawa ba, to yau ga ni. Ba zan faɗi sunan kowa ba, har da nawa, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma 'ya'yansu da nawa lakwal ɗaya, wato makarantar boko ɗaya, suke zuwa.

A lokacin da abin ya faru ni malamin dabbobi ne a Difa, Bafillatani ɗan wajen Fulatari, kuma mutum mai ji da kansa. A gidanmu ni kaɗai aka kama aka kai lakwal, sauran 'yan'uwana duk suna bayan shanu. Na tashi na san allurar ciwon huhu, na iya Faransanci, amma ka ba ni sanda ka ce in kai garke mashaya, sai mu ɓace ni da shanun. A wancan zamani ban ɗauki wannan abin kunya ba. Gani nake su suna da sanda, ni ina da alƙalami, ga shi kuma na ƙara da kwamfuta, wata tsohuwa ta hannu mai ƙaton kai da na sayo a Maiduguri. Na ɗora ta kan tebur a ɗakin baƙi, na sa matata ta ɗinka mata mayafi. In akwai kuran, wato wutar lantarki, in kunna ta, in babu in zauna ina kallonta ina jin daɗi.

Wanda ya koya mini kunna ta abokina ne, Babarbare ɗan wajen Shetimari, sakatare a wata ma'aikata kusa da tamu. Tun muna lakwal a Maine muke tare, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Kun kuma san abin da ke tsakanin Bafillatani da Babarbare, taubasai ne. Bai taɓa kirana da sunana ba sai dai bawana, ni ma haka nake kiransa. Ya shigo gidana ya ce wa matata ta ajiye wa ubangidan mijinta cinyar kaza, ni in je nasa in ce tattasai ya gama ƙone musu hankali tun kakanni. Maganar da za ka faɗa wa wani a zare wuƙa, mu a tsakaninmu dariya ce. Ma'aikatarsu ta taɓa aika shi sitaj, wato kwas na ƙaro ilimi, a Damagaram ya koyo kwamfuta, ya dawo duk wanda tasa ta yi tari a garin shi ake aika wa.

Shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo na ɗauko shi daga ruga na kawo shi gidana don ya yi kusa da likita. Abu ɗaya ya dame shi fiye da ciwon, shi ne burtali. Akwai hanyar da shanunmu ke bi da rani su gangara Komadugu su sha ruwa, ta ratsa tsakanin garaken tattasai. Babu takarda a kanta. Kakana da kakan abokina da dattawan lokacin ne suka tsaya suka shata ta da baki, suka sa itatuwa shaida, aka shafa fatiha. Mahaifina yana wurin, kuma cikin duk waɗanda suka halarta shi kaɗai ya rage a duniya. Tun da injin ban ruwa ya yawaita garake suke ta matsowa, burtali yana ƙanƙancewa. Tsohon ya ce in zauna ya faɗa mini iyakokin in riƙe a kai. Ni uban 'yan wayo na ce ai an wuce wannan zamanin, yanzu akwai abin da ba ya mantuwa. Na kira abokina ya zo da makirfo ya jona, wata la'asar muka zaunar da tsohon gaban kwamfuta ya yi ta bayani, ya yi da Fulatanci, ya juya Hausa, in yana son tsokana ya jefa Barbarci. Abokina ne ke riƙe masa da makirfo, yana ta cewa tsohon bawa ya zo ƙwace gonar iyayengijinsa, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa ina ta shiga da fita wajen dafa shayi, rabin maganar ma ban ji ba. Da aka gama abokina ya ajiye muryar a fuskar kwamfuta, wato inda kake ganin kayanka a jere da zarar ka kunna, don ya san ban iya shiga lungunanta ba. Mahaifina ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce: "Abin da ba ya cikin kanka ba naka ba ne." Na yi dariya na miƙa masa shayi.

Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, Allah ya ji ƙansa. A zaman makoki babu wanda ban faɗa wa ba cewa muryar tsoho tana nan a ajiye, iyakokin burtali ba za su ɓata ba har abada. Amma ni kaina ban iya kunna ta ba. Sau da yawa na kai kibiyar kanta sai zuciyata ta karye, in ce sai gobe.

Da rani ya shigo, kawun abokina, ƙanin mahaifinsa, ya kewaye bakin burtalin da ƙaya ya ce gonar ubansa ce, shanu sun daɗe suna ci masa haƙƙi. Arɗonmu ya kai ƙara wajen sarki, aka sa rana. Yayana, wanda garken gidanmu ke hannunsa, ya taso takanas ranar kasuwa ya same ni ya ce sarki ya yarda zai saurari muryar mahaifinmu, domin kowa a kwarin nan ya san muryarsa kuma ba a san shi da ƙarya ba. Na bugi ƙirji na ce ya koma ya kwantar da hankalinsa. Niyyata in ajiye rediyo gaban kwamfutar in juye maganar a kaset in tafi da ita.

To a daidai lokacin ne birus, cutar nan ta kwamfuta, ya game ma'aikatun garin. Kowa yana yawo da ɗan abin nan da muke kira kile, a soka a wannan kwamfuta a zare a soka a waccan, kamar 'yan allura ɗaya. Tawa ta kamu. Ta yi nauyi, tana kashe kanta tana kunna kanta, duk jakar da na buɗe sai in tarar ta haifi tagwai. Na ji tsoron in taɓa muryar tsoho a cikin wannan hali, sai na aika wa abokina. Za ku ce ban yi tunanin cewa da kawunsa ake shari'ar ba? Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Har tsokanar juna muke a kan maganar, ina ce masa za mu kai shanu su yi kiwo a tsakar gidansu.

Ya zo da faifan maganin birus, ya sa, muka zauna muna hira abin yana ta aikinsa. Da ya gama ya kashe ta ya sake kunnawa. Hoton nan na koren tudu da sararin sama ya fito, kibiya tana motsi in ka ja ta, amma ban da wannan babu komai. Babu jaka ko ɗaya, babu layin nan na ƙasa, babu muryar mahaifina. Fili fetal. Abin da na gani a lokacin ina tuna shi kamar yanzu. Abokina ya miƙa hannu ya ɗora yatsu biyu na hagu a kan maɓallan kusurwar ƙasa, ya kai ɗaya na dama can sama, ya tsaya a haka bai danna ba. Ya ɗan jima. Sai ya janye hannuwansa ya shafa fuska ya yi salati, ya ce birus ɗin ya tafi da komai, irin wannan mugun in an kashe shi da kayan gida yake mutuwa. Ya ce kada in bari kowa ya taɓa ta, in akwai sauran fata to sai a Maiduguri, kuma shi da kansa zai kai ta. Na ji kamar yau tsohon ya sake rasuwa. Shi ne ma ya yi ta ba ni haƙuri, har ya ƙi cin abincin da matata ta kawo.

Daga nan sai uzuri. Yau shugabansu ya hana shi fita, gobe motar da zai bi ta lalace, jibi mai gyaran ya yi tafiya. Ranar shari'a tana matsowa ni ina ramewa. Wata yamma a fadarmu ta shan shayi 'yan fada suka tambayi abin da ke damuna, kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce: "Ku ji Bafillatani, ya zuba tsohonsa cikin akwati, ni kuma ubangidansa na kulle akwatin na sa mabuɗin a aljihu." Fada ta tuntsire da dariya. Ni ma na yi, har na rama na ce tun yaushe bawa ke riƙe mabuɗin ubangidansa. Na ma ji daɗi, na ce Allah sarki, so yake ya sa ni dariya in manta.

Ranar shari'a na je hannu rabbana. Mutanenmu sun cika ƙofar sarki tun da hantsi, wasu sun bar shanu da mata sun zo jin muryar tsoho. Na faɗa musu abin da ya faru. Arɗo ya ce to ai ina wurin lokacin da aka ɗauki maganar, in faɗi abin da na ji. Na fara kame-kame. Na ce iyakar gabas goruba ce, aka tambaye ni wace goruba cikin gorubobin da ke bakin kogin, sai na ce ko dai tsamiya ce. Wani dattijo daga ɓangaren masu garka ya ce, ba da faɗa ba, wanda bai taɓa kora saniya ta wannan hanya ba da wuya ya san inda ta faɗaɗa da inda ta tsuke. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Sarki ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba ya hukunci da iska. Aka bar wa kawun abokina inda ya kewaye, aka nuna wa shanu wata mashaya can nesa, aka shafa fatiha. Yayana bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya ɗauki sandarsa ya rataya a kafaɗa ya wuce ta gabana kamar bai ga mutum ba. A ranin nan raunanan shanunsa ba su jure dogon zagayen ba, wasu suka kwanta a hanya. Da shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya yi wajen Bosso, rugar da aka haife mu ta zama kufai.

Kwamfutar na mayar mata da mayafinta na tura ta kusurwa. Matata ta sha cewa a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa, ni kuma na kasa, ji nake kamar kabari ne. Abokina ya daina maganar Maiduguri, ni ma na daina tuna masa, tunda amfaninta ya wuce. Muka ci gaba da zamanmu. Da aka yi masa haihuwa ni na yanka ragon.

Shekaru sun ɗan ja, sai ma'aikatarmu ta aike ni nawa sitaj ɗin a Damagaram. Wata safiya malaminmu ya ce yau zai nuna mana cutar da ta fi kowace sa mutane kuka a banza. Ya kunna wata kwamfuta, sai ga koren tudu da sararin sama, ga kibiya, babu komai. Irin tawa sak. Ya ce birus ɗin yakan naɗa kansa a madadin abin da ke buɗe fuskar kwamfuta, in magani ya kashe shi sai a rasa mai buɗewa, kamar kantin da aka saukar wa ƙofa, kaya suna ciki ba abin da ya same su. Sai ya ɗora yatsu biyu na hagu a kusurwar ƙasa, ya kai ɗaya na dama sama, ya danna. Wata 'yar taga ta buɗe, ya rubuta kalma ɗaya, komai ya dawo a jere. 'Yan aji suna tafi, ni kunnuwana sun toshe. Da aka tashi na ja shi gefe na tambaye shi ko abu ne mai wuyar sani. Ya ce ina, shi ne karatun farko. Ya tambaye ni daga ina nake, da na ce Difa sai fuskarsa ta washe, ya ce yana da tsohon ɗalibi a can, ya faɗi sunan abokina. Ya ce wannan cutar shi ne ke nuna wa sauran 'yan ajinsu gyaranta, ko ido rufe zai yi. Ya ce in na koma in gaishe shi.

Ban san yadda na ƙarasa kwanakin ba. Duk tsawon hanyar dawowa ina roƙon Allah ya sa tawa cutar daban ce, ya sa da gaske komai ya tafi. Kun ji irin addu'ar da cin amana ke sa mutum ya yi. Na iso babu kuran, sai washegari da hantsi ya dawo. Na yaye mayafin, na hure ƙura, na kunna. Na ɗora yatsuna inda ya ɗora nasa, na danna, na rubuta kalmar. Komai ya dawo. Ga muryar mahaifina a kusurwar da aka ajiye ta, da sunan da abokina ya rubuta mata da hannunsa. Na kunna. Tsohon ya faɗi iyakokin dalla-dalla, ya faɗi sunayen waɗanda suka tsaya, har da kakan abokina da maganar da ya yi kafin a shafa fatiha. Iyakar gabas tsamiya ce. Matata ta shigo ta tarar da ni zaune a ƙasa ina kuka kamar yaro.

Da yamma na tafi fadarmu ta shayi. A gaban kowa na ce wa abokina ya ci amanata, ya san gyaran ya ƙi yi, ya bar ni na tsaya gaban sarki ina kame-kame. Kun san abin da ya faru? Dariya aka yi. Wani ya ce yau Bafillatani ya zo da sabon salo, wani ya ce a ƙara masa sukari. Shi kuma ya ɗaga kofinsa ya ce ai tun ranar ya faɗa mini mabuɗin yana aljihunsa, bawa ne bai da kunne. Aka sake fashewa. Ina ƙara ɗaga murya suna ƙara dariya, domin a garin nan ba wanda ya taɓa ganin taubasai sun yi faɗan gaske. Na tsaya a tsakiyarsu na rasa bakin da zan yi magana da shi a ji ni.

Da ya tashi tafiya na bi shi har wajen babur ɗinsa. Nan dariyar ta gushe daga fuskarsa. Bai dube ni ba, ya ce: "Kawuna ne ya riƙe ni da mahaifina ya rasu, da tattasan garkar nan ya yi mini lakwal. Kuma ban goge maka komai ba." Na ce masa na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Na ce da ya ce mini ba zai iya taɓa ta ba saboda kawunsa, wallahi da na fahimce shi, da na ɗauke ta a ka na kai wa wani. Ya tada babur ya tafi. Tun daga ranar ban sake kiransa bawana ba. Da sunansa nake kiransa, in mun haɗu a masallaci ko wajen jana'iza, kuma na ga alama hakan ya fi masa zagi ciwo.

Na juye muryar a kaset na kai wa arɗo. Ya saurara har ƙarshe, ya ce maganar da aka shafa wa fatiha ba a tona ta, balle garka ta yi shekaru tana ba da amfani. Na bi yayana har wajen Bosso na kunna masa. Ya ji duka kansa a sunkuye, abin da ya ce kawai shi ne, ashe tsamiya ce. Daga baya na je wurin da kaina. An sare tsamiyar tuntuni, tattasai ne ja wur a inda take.

Ba na zagin taubasantaka, ita ce ta riƙe kwarin nan tun kafin a haife mu, kuma Barebari nawa suka tsaya mini a rayuwa. Mutum ɗaya ne ya shige bayanta ya ɓuya. Abin da nake son masu karatu su ɗauka shi ne, in kwamfutarka ta nuna maka fili babu komai, kada ka yi saurin yin makoki, kuma kada ka tsaya a bakin mutum ɗaya ko da tare kuka sha nono, ka nuna wa na biyu. In wanda zai yi maka gyara yana da nasa a cikin maganar, kada ka ɗora masa nauyin zaɓi tsakaninka da jininsa. In kuma tsohonka ya ce zauna in faɗa maka, to ajiye butar shayi ka zauna. Sannan ka riƙa sauraren wasa da kunne biyu, wani lokaci a cikinsa ake faɗa maka gaskiyar da ba za a iya faɗa maka ido da ido ba.

Muryar tana nan, yanzu na haddace ta tun daga bisimilla har ƙarshe, iyakokin hanyar da babu ita. In kewar mahaifina ta taso nakan kunna. Sai dai abokin nan nawa ne ya riƙe makirfo ranar, bakinsa ya fi na tsohon kusa da shi. Duk inda mahaifina ya numfasa sai dariyarsa ta shigo. Na tambayi masu sani ko ana iya cire ta, suka ce ba a iyawa sai an yanke da maganar tsohon. Saboda haka har yau ba ni da halin jin mahaifina sai na ji shi.